Yadda Ake Farfaɗo da Idon PlayStation 2 Idan Ta Daina Karanta Faifai

Duk wanda ya taɓa zaman gidan gem ya san wannan lokacin. An saka faifai, tire ya shige, yara sun yi tsit kowa ya zuba wa talabijin ido, sai a ji ƙas-ƙas-ƙas daga cikin na'ura, can rubutu ya fito: "Disc Read Error". Ko kuma fuskar talabijin ta rine ja, na'ura ta ce a saka mata faifan PlayStation alhali ga shi nan a cikinta. Abin da ke fara fitowa daga bakin mutane shi ne, "Ido ya mutu," wato 'yar fitilar da ke haska faifai tana karanta shi. Ni kuwa cikin PS2 da suka bi ta hannuna, waɗanda idonsu ya mutu da gaske ba su kai waɗanda ƙura, busasshen giris ko wata 'yar roba ta kwantar ba. Da yawa ma mai gyara ne ya ƙarasa idon da hannunsa, don ya fara da abin da ya kamata ya bari sai ƙarshe.

Saboda haka ka bi aikin a jere yadda na kawo shi. Za mu fara da abin da ba ya cin ko sisi kuma ana iya mayar da shi yadda yake, mu ƙare da abin da in an taɓa ba ya komawa. Na fi tsayawa kan babbar PS2, mai tire da ke fitowa waje, don ita ce mai yawan gaɓoɓi. Siririyar tana can ƙasa.

Kada ka yi mamakin ciwon. Sony ta fitar da na'urar a Japan ranar 4 ga Maris 2000, an sayar da fiye da miliyan 155, aka daina ƙera ta a farkon 2013. Siririyar ta fito a ƙarshen 2004, ke nan duk babbar da ka gani ta haura shekara ashirin a duniya. Kuma tun tana sabuwa take da wannan lalurar, har masu ita a Amurka suka haɗu suka kai ƙara, aka yi sulhu a 2005. Balle 'yar kwatano da ta sha hannu a Turai, ta sha jirgin ruwa, ta zo ta yi hunturu goma a shago bakin titi.

Karanta takardar jikinta tukuna

A bayan babbar, ko a ƙarƙashin siririyar, akwai takarda mai lamba da ta fara da SCPH. Masu 30000, 35000, 39000 da 50000 manya ne. Daga 70000 zuwa 90000 sirara. Lambar ƙarshe tana faɗin ƙasar da aka yi wa ita: 0 Japan, 1 Amurka, 3 Ingila, 4 sauran Turai. Wato SCPH-39001 'yar Amurka ce, SCPH-50003 'yar Ingila. Abin yana da muhimmanci ta fuska biyu. Na farko, na'urar da ba a taɓa ta ba ba ta karɓar faifan wani yanki, don haka faifan Turai a cikin 'yar Amurka zai ba ka jan allo ko da idon sabo ne fil. Na biyu wuta: babbar 'yar Amurka ko Japan wutar 100 zuwa 120 take sha, tamu kuwa 230 ce. In ka jona ta kai tsaye ba taransifoma mai rage wuta, ba maganar ido za a yi ba kuma.

Abin da ke faruwa a ciki

In ka fahimci wannan, kunnenka zai yi maka rabin aikin. Moto uku ne a ɗakin faifan. Ɗaya yana fitar da tire ya mayar, ta hanyar ɗan bel na roba da giya-giyai. Ɗaya yana juya faifan. Na uku yana juya wani dogon ƙarfe mai zare kamar noti, shi ke tura ido gaba da baya a kan sanduna biyu masu sheƙi. Abin da ya haɗa idon da wannan zaren wata 'yar roba ce mai haƙora, mu kan ce mata hannu. Idon kansa yana da ƙwaya, ɗan gilashin roba da ke rataye a kan wasu wayoyi sirara kamar gashi, maganaɗisu na ɗaga shi sama da ƙasa don ya daidaita gani, da hagu da dama don ya bi layi.

Haske iri biyu yake fitarwa. Na CD tsawon zangonsa nanomita 780 ne, idon mutum da ƙyar yake ganinsa. Na DVD 650 ne, ja. Tsakanin layi da layi a kan CD maikuromita 1.6 ne, a DVD kuwa 0.74, wato ya fi gashin kai siranta kusan sau ɗari. Shi ya sa ƙurar da CD zai haƙura da ita, DVD ba zai haƙura ba, kuma shi ya sa na'ura kan daina karanta iri ɗaya ta ci gaba da ɗayan.

Gwaji kafin ka ɗauki sukundireba

Nemi faifai iri-iri masu kyau, na asali in da hali: na PS2 mai cikin azurfa, wanda DVD ne; na PS2 mai cikin shuɗi, wanda CD ne; sai na PlayStation ta farko mai baƙin ciki ko faifan waƙa na CD. Goge kowanne da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kamar yadda ake yanka kankana, ba zagaye ba. Dalili: bayanin a zagaye yake kwance, ƙarce da ya ratsa layuka na'ura na iya cike giɓinsa, wanda ya bi layi kuwa ya kwashe bayani mai tsawo a jere.

Kunna ta ba faifai, ka shiga "Browser", ka saka su ɗaya bayan ɗaya, ka kara kunnenka. In ta karanta CD ta ƙi DVD, ko akasin haka, ko datti ne ko ɓangare ɗaya na hasken ya fara gajiya. In ta ƙi duka amma kana jin faifan ya ɗan juya ya tsaya, ya sake juyawa ya tsaya, idon yana nema bai samu ba: datti ko tsayin ido. In ƙara kake ji mai ƙarfi, ƙarrr ko ƙas-ƙas a jere, wannan ba haske ba ne, hannu ne ke zamewa a kan zare ko sanduna sun bushe. In gem na tashi amma ya daskare a tsakiyar wasa ko bidiyon ciki na sarƙewa, galibi idon ne ke kasa tafiya zuwa bakin faifan. In shuɗin faifai kaɗai take ƙi, tana wani kuka kamar abu na zamewa, duba wurin da ke riƙe faifan, don CD ya fi DVD gudun juyi. In kuma ba motsi ko kaɗan, ko faifan bai juya ba, zargi waya ko makunni kafin ido.

Akwai wata dabara da na'urar ta zo da ita wadda mutane ba su cika sani ba. A shafin farko danna alamar dala, wato mai kusurwa uku, a hannun gem, ka zaɓi "Console", ka sake danna dala, ka mayar da "Diagnosis" zuwa "On", sannan ka saka faifai. Za ta sake auna faifan ta daidaita kanta. Ba magani ba ne, kuma da ka kashe ta ya koma yadda yake, amma in ta karanta da wannan ka san idon yana da sauran rai.

Kayan aiki

Sukundireba mai bakin kuros, babba da ƙarami irin na masu gyaran waya. Tsinken goge kunne mai auduga. Sinadarin isofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko sama, wanda masu gyaran waya ke wanke fanel da shi. Sipirit na kemis yana da ruwa da wasu gauraye, yakan bar dabbare a ƙwayar ido. In shi kaɗai ka samu, ka bi da busasshiyar auduga nan take. Fetur, tina da ruwan goge farce kada su kusanci wurin, ƙwayar roba ce, za su dusashe ta har abada. Sai farin giris na litiyam ko na silikon, alƙalamin maka, ɗan buroshi mai laushi, da mitar awon lantarki in aiki ya kai can. Baƙin mai, man gyaɗa da man shafawa ba giris ba ne. Na taɓa buɗe wadda aka zuba wa man keken ɗinki, ƙura ta haɗu da shi ta zama kamar ƙuli.

Wayarka ma kayan aiki ce. Ɗauki hoto kafin ka cire kowane abu.

Buɗewa

Kashe makunnin baya, zare wayar wuta, cire memori da hannun gem, ka bar ta ta huta kamar minti goma. Taɓa ƙarfen ƙofa ko taga kafin ka sa hannu ciki, musamman da hunturu lokacin da jiki ke tara wutar nan da kan ɗan ja mutum in ya taɓa ƙarfe. Ita kaɗai ta isa ta kashe ido.

Kifa na'urar a kan tawul. Sukurorin suna ɓoye ƙarƙashin ƙafafun roba da wasu 'yan murafu masu kusurwa huɗu. Ɓanɓare su da bakin sukundireba. Takwas ne ko goma, gwargwadon samfuri, kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne. Zana hoton ƙasan a kwali, ka soke kowane sukuru a gurbinsa. Dogo a ramin gajere yana iya huda abin da bai kamata ba. Yanke takardar garanti da ke baya, ka mayar da na'urar daidai, ka ɗaga murfin daga baya a hankali kana ɗan tura shi gaba.

A nan ake ɓarna ta farko. A yawancinsu maɓallan kunnawa da na fitar da tire suna manne da murfin, kuma wata siririyar waya mai faɗi kamar kintinkiri, wadda masu gyara ke kira fileks, ita ta haɗa su da cikin na'urar. Wanda ya fizge murfi ya tsinke ta. Ɗaga kaɗan, leƙa, ka kwantar da murfin a gefen dama kamar an buɗe littafi, ko ka zare maɓallan daga maƙalinsu.

Baƙin akwatin da ke gefen tire shi ne ɗakin faifai. Murfinsa na da ƙananan sukurori, galibi huɗu. Cire su ka ɗaga. A tsakiyar murfin akwai wani zagayayyen abu mai maganaɗisu, shi ke danne faifai. Za ka buƙace shi wajen gwaji. Tire yana rufe ido, don haka jona wuta, danna maɓallin fitarwa, da tire ya fito ka kashe ta baya ka zare waya. Duk lokacin da wuta ke jone murfi a buɗe, hannunka ya yi nesa da kusurwar da wayar wuta ke shiga da fanel ɗin wuta, wutar gari ce tsirara a wurin. Kuma kada ka leƙa cikin ƙwayar ido tana kunne, rashin ganin haske ba ya nufin babu shi.

Wanke ido

Fara da buroshi ka kwashe ƙurar da ke kewaye, kada ka hura da baki, yawu ke bi. Tsoma auduga a sinadari, ka matse ta a bayan hannunka har ta zama danshi kawai. Taɓa ƙwayar a hankali, ka juya daga tsakiya zuwa gefe sau uku ko huɗu. Za ka ji tana lotsawa ƙasa, haka take, amma kada ka danna. In wayoyin da ke riƙe ta suka lanƙwashe, ido ya karkace ke nan, ba mai miƙe shi. Bi da busasshiyar auduga, ka haska tocila ta gefe. Ƙwaya mai lafiya tana sheƙi da ɗan shuɗi-shuɗi. In ka ga hazo, maimaita.

Ba ƙura kaɗai ke rufe ta ba. Hayaƙin sigari, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa suna barin wani maiƙo da buroshi ba ya ɗauka, fankar na'urar kuwa tana zuƙo su dare da rana. Na'urar ɗakin da ake turare kullum takan buƙaci wanki biyu ko uku kafin auduga ta fito fara. Faifan nan mai ɗan buroshi da ake sayarwa wai yana wanke ido, ni ban ga amfaninsa ba, ƙurar sama kawai yake sharewa, wani lokaci ma ya bugi ƙwayar.

Bari ya bushe minti biyar.

Sanduna, zare da hannu

Wannan ne wurin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ya fi kwantar da manyan PS2. Kada ka tura ido da ƙarfi. Juya dogon zaren da yatsa, idon zai tafi da kansa. Kai shi ƙarshe, ka dawo da shi, kana jin inda yake cijewa. Tsohon giris yakan zama ruwan ƙasa ya daskare kamar ƙaro. Goge shi tas daga sandunan biyu da cikin zaren da auduga mai sinadari, har sai auduga ta daina baƙi. Sannan ka ɗebi sabon giris da bakin tsinken sakace, kwatankwacin ƙwayar gero a kowace sanda, ɗaya a zare, ka yi ta kai ido da komowa har ya bazu. In kana ganin farin giris a tare, ya yi yawa, rage. Yawansa ƙura yake kira, kuma in ya fantsama kan ƙwaya ka koma farko.

Yanzu duba hannun. Sukuru ɗaya ke riƙe shi a jikin ido. Haƙoransa su zauna daram cikin zaren. In sun cinye sun yi sulɓi, ko robar ta tsage, shi ne mai ƙarar nan, kuma ba wankin da zai gyara shi. Ana sayar da shi shi kaɗai da araha, ko ka ciro daga matacciyar na'ura mai irin idon. Wani lokaci bai cinye ba, sukurunsa ne ya saki. Ɗaure shi kawai. Idan ka bar shi yana zamewa, idon ba ya isa inda aka aike shi, sai na'ura ta ce ba ta ga faifai ba alhali haskenta ƙalau.

Kafin ka bar wurin, goge zoben robar da ke kan moton juya faifai, inda faifan ke zama. In ya yi santsi da ƙura faifai na zamewa, musamman shuɗin nan. Tire kuma in yana fita da ƙyar ko sai an taimaka masa, bel ne ya saki. Yana gaba, ƙarƙashin tire. Wanke shi da ruwan sabulu ka shanya, ka goge ramin da yake bi. In ya miƙe ya zama lagwani, canza shi da mai girmansa. Kada ka sa masa giris ko kaɗan, kuma robar ɗaure kuɗi ba ta kwana biyu.

Gwada. Jona wuta, mayar da tire, ɗora faifai, ka aza abin maganaɗisun nan a kansa, ko ka mayar da murfin ɗakin ba tare da sukurori ba. Kalli abin da ya kamata ya faru: ido ya koma tsakiya, ƙwaya ta yi sama da ƙasa sau biyu ko uku, faifai ya ɗauki gudu. In ta karanta duka faya-fayanka, rufe ta, ka gama. Kada son gyara ya sa ka taɓa abin da ke gaba.

Farar giya

A yawancin tsofaffin manya, irin su 30000 da 39000, akwai wata farar giya ta roba a bayan sandunan, wani ɗan ƙarfe na danne haƙoranta. Aikinta ɗaga sandunan ko sauke su don ido ya fuskanci faifai daidai. Na'urar da ta taɓa faɗuwa ko ta daɗe a tsaye takan so a ɗan motsa ta.

Kafin komai, ja layi da maka daga giyar zuwa ƙarfen da ke danne ta, don ka san gida. Juya haƙori biyu ko uku, gwada DVD, gwada CD. Bai yi ba, ƙara biyu. Tana hawa ne a hankali har ta kai ƙololuwa, sai ta faɗo ƙasa ta sake farawa, don haka ba za ka ɓata ba muddin layinka na nan. Yi gwajin da faifan da ba ka jin asararsa, domin in ido ya yi sama da yawa ƙwaya takan taɓa faifai, za ka ji tik-tik. Da ka ji, kashe ka koma baya. Abin da kake nema wurin da iri biyun ke tashi da sauri, ba wurin da ɗaya kaɗai ke yi ba. Aikin na cin lokaci, na taɓa yin awa guda a kansa. In ka zagaya duka ba canji, mayar da ita kan layinka.

Sukurorin ƙarfin haske

A jikin ido ta ƙasa akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa biyu masu kama da kan sukuru, ɗaya na CD, ɗaya na DVD. Su ke ƙayyade yawan wutar da ke shiga fitilar. Rage awonsu yana ƙara haske. Nan ne kowa ke garzayawa, nan ne kuma ake garin neman gira a rasa ido.

Ina yaron shago na taɓa murɗa ɗaya rabin zagaye, na'ura ta tashi garau, na kira maigidana ina murna. Ya dubi abin ya ce, "Kai yaro, nawa ka same shi kafin ka juya?" Na ce, "Maigida, ban auna ba." Bai ƙara cewa komai ba. Kwana huɗu mai ita ya dawo da ita, fitilar ta ƙone, kuɗin sabon ido daga aljihun shago ya fita.

Ga yadda ake yi in dole ta sa. Zare wuta. Kwance sandunan ka juyo idon, ka zare fileks ɗinsa bayan ka saki ɗan maƙullin da ke riƙe shi. Tabbatar wanne ne na CD wanne ne na DVD ta hanyar neman hoton ido mai lambar naka daidai, don wurinsu na bambanta daga iri zuwa iri. Sa mita a ma'aunin om, auna kowanne, ka rubuta a takarda. Taɓa wanda ke da matsala kaɗai. Juyin da za ka yi bai kai kaurin farce ba, auna kuma. In lamba ta hau maimakon ta sauka, ka juya ta ɗaya gefen. Ni ba na rage fiye da kashi 5 cikin 100 a taki ɗaya, kuma in na rage kashi 15 jimla bai karanta ba, na daina, fitilar ta gama aikinta. Ko ya yi, ka sani rance ka ci: fitila mai gajiya da aka ƙara wa wuta tana saurin mutuwa. In na'urar wani ce, gaya masa gaskiya.

Canza ido

Lambar na rubuce a jikinsa. A manya za ka tarar da KHS-400B, KHS-400C, KHS-400R ko HD7. Sayi mai lambar da ka ciro, domin na'urar tana ajiye da saitin irin idon da aka haɗa ta da shi, wani irin kuma ko ya zauna a gurbin ba lallai ya yi karatu mai kyau ba. Masu kayan gem a manyan kasuwannin lantarki, irin Alaba a Legas, da masu sayarwa ta intanet suna kawo su. Da yawan waɗanda ake kira sababbi tsofaffi ne da aka wanke, don haka ka yi ciniki da sharaɗin canji.

Abu ɗaya da ke sa mutane su ce an sayar musu da mataccen ido: sabon yana zuwa da ɗigon dalma da aka haɗe wasu ƙafafu da shi a kan fanel ɗinsa, don kare fitila daga wutar jiki a hanya. Sai an cire shi da ƙarfen dalma, taɓawa ɗaya ta daƙiƙa biyu, kafin ido ya yi haske. Cire shi a ƙarshe, bayan ka taɓa ƙarfe ka sauke wutar jikinka. Mayar da hannun tsohon a kan sabon in bai zo da nasa ba, zura sanduna, tura fileks har ƙarshe a miƙe, ka rufe maƙullinsa. Fileks da ya shiga a karkace yana ba da alamar mataccen ido sak. Kada ka taɓa sukurorin hasken sabon ido, an saita su daga masana'anta.

Siririyar

Ita murfinta sama yake buɗewa, ido a fili, don haka wanki ba ya buƙatar kwance komai. Idanunta su ne irin PVR-802W, SPU-3170 da TDP-182W. Ciwonta biyu ne nata na kanta. Na ɗaya, 'yan makunnai da ke gaya mata murfi ya rufu, ɗaya gaba kusa da maɓallin kunnawa, ɗaya baya wajen maƙalin murfi. In murfin ya saki bai danna su ba, faifai ba ya juyawa sam. Danna murfin da yatsa ta baya ka gani. In ta tashi, ka gano.

Na biyu ya fi muni. Fileks ɗin ido yana manne da gam a ƙasa, in gam ɗin ya saki sai ya kumburo yana gogar cikin faifai, ya zana masa zobe. Duk faifan da ka ga zagayayyen ƙarce a jikinsa bayan ya fito daga siririya, kada ka sake saka wani. Buɗe ta, sukurori shida ne a ƙasan 70000, ka manne fileks ɗin da siririn tef mai gam fuska biyu a inda yake tun asali, ka kai ido ƙarshe da ƙarshe ka tabbata ba ya ɗagowa kuma ba ya ɗaurewa.

Bayan ka rufe

Faifan kofi mai arha ba ya mayar da haske kamar na asali, ido na wahala a kansa. A samfurin 50000 da farkon 70000 abin ya wuce wahala: in faifai ya yi muni, ƙwaƙwalwar da ke tuƙa ɗakin faifan, wadda ake kira MechaCon, tana iya daskarewa ta bar wuta na kwarara cikin wayoyin ƙwayar ido har su ƙone. In gem ya tsaya cak kana jin ido na ta fama, kashe ta nan take, kada ka jira wai ko zai wuce.

Kada a motsa ta ko a tayar da ita tsaye faifai na juyawa. Ɗaga ta daga ƙasa, kan tebur, bayanta da tazara daga bango don fanka ta numfasa. In an tashi a lulluɓe ta da ƙyalle bayan ta huce, ba tana kunne ba, kuma a riƙa leƙa ta saboda kyankyasai na son ɗuminta.

In na'urar ta kasuwanci ce, mai aiki daga safe zuwa dare, ka hutar da idon gaba ɗaya. Memori mai ɗauke da Free McBoot da manhajar Open PS2 Loader yana ba ka damar kwafe faya-fayanka ka kunna su ba tare da faifai ba. Babbar tana da ɗaki a baya da ake sa hadis, wato ma'ajiyar bayanai irin ta kwamfuta, ta hanyar adaftar sadarwa, shi ya fi sauri. Filas ma na yi, sai dai kafar USB ta PS2 tsohuwa ce, 1.1, bidiyon cikin gem kan sarƙe. Samfurin 90000 na baya-baya, daga masu alamar 8C a takardarsu, da yawansu ba sa tashi da Free McBoot, don haka duba wannan alamar kafin ka biya kuɗin memorin.